A koya wa yaranmu sarrafa kwamfuta ta hanyar auna ruwan sama

Malam Edita,

Ina yi maka sallama tare da neman fili a jaridarka domin in yi magana a kan darasin rubuta wa kwamfuta umarni, wanda ake cewa ya fi ƙarfin makarantunmu saboda rashin kuɗi da rashin wutar lantarki. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Maradi, kuma a ganina wannan uzuri ya daina karɓuwa.

Akwai ƙananan alluna masu ƙwaƙwalwar lantarki waɗanda ba su kai tafin hannu ba. Arduino, wanda aka ƙirƙira a garin Ivrea na Italiya a 2005, shi ne ya fi yaɗuwa, amma ga yara na fi son micro:bit, wanda BBC ta raba wa ɗalibai kusan miliyan ɗaya a Birtaniya a 2016. Yana da ƙananan fitilu 25 da maɓallai biyu, yana aiki da batura biyu irin na rimot, kuma da zarar an loda masa umarni ba ya buƙatar kwamfuta ko intanet. Da manhajar MakeCode yaro yana jera umarni kamar yadda magini yake jera tubali, ko da bai iya Turanci ba.

Sai dai idan aka tsaya ga kunna fitila da kashe ta, yara za su gaji kafin mako biyu. Abin da zai riƙe hankalin ɗan Maradi shi ne ruwan sama, domin a gidansu ya saba ganin mahaifinsa ya kasa kunne ga rediyo da damina yana jiran a faɗi milimita nawa aka samu a Madarunfa, nawa a Gidan Runji, nawa a Dakoro. Ana iya haɗa ma'aunin ruwa da mazurari da ƙaramin cokali mai baki biyu wanda yake kifewa idan ya cika. A manna masa maganaɗisu, duk kifewar da ya yi allon ya ƙirga ɗaya. Aikin ɗalibi shi ne ya gano yawan ruwan da kifewa ɗaya take wakilta, ya rubuta umarnin da zai mayar da ƙirgar zuwa milimita. A nan ne lissafin faɗin da'ira, wanda suke haddacewa ba tare da sanin amfaninsa ba, yake zama abin nema. A nan ne kuma yaro yake fahimtar cewa milimita ɗaya lita guda ce a kan murabba'in mita ɗaya, kuma cewa ruwan da ya kai kimanin milimita 20, wanda masana noma suke ɗauka a matsayin alamar shukar hatsi, shi ne abin da kakansa yake aunawa idan ya tona ƙasa da hannu ya duba zurfin laima. Wanda ya ga ruwan da ya sauka a wannan gari a ƙarshen watan Agustan 2024, da gidajen da ya rushe, ba sai an gaya masa muhimmancin wannan awo ba.

Kuskure ma darasi ne. Ranar farko da muka gwada auna zafi, mun ajiye allon a ƙarƙashin rufin kwano, ya ba mu adadin da ko a tsakiyar watan Afrilu ba a gani. Ɗaliban da kansu suka gano cewa dole a sa shi a inuwa, a wurin da iska take ratsawa, nesa da ƙasa, suka ƙera masa rumfa da farantan roba farare da aka kife a kan juna. Ƙurar hunturu kuma tana toshe mazurari, don haka sai an riƙa sharewa.

Ina kira ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna su ba malamai horo, su kuma bar mu mu kwatanta awonmu da na ma'auninsu, domin ma'aunin da ba a daidaita shi ba zai iya yaudarar manomi. Matsala ɗaya ce ta rage, wato damina tana kankama ne a lokacin babban hutu, daga Yuli zuwa Satumba, makarantu suna rufe. Shawarata ita ce ƙungiyar iyayen yara ta kowace makaranta ta zaɓi ɗalibai uku ko huɗu na unguwar, maza da mata, waɗanda za su riƙa zuwa kowace safiya su karanta awon su rubuta a littafi, tare da mai gadi, har a koma aji a watan Oktoba.

Naka,
Wani malamin kimiyya,
Maradi