Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Kallon Shaho

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum. Ga bayanin abin da muka yi bana game da shahon nan biyu, mace da namiji, da ke zaune a saman dogon benen da muka saba sa wa ido.

Saboda sababbin shiga, shahon da muke magana a kansa shi ne wanda masana ke kira Falco peregrinus, wanda idan ya naɗe fukafukai ya sulalo daga sama gudunsa kan haura kilomita 300 a awa guda. Asalinsa mazaunin duwatsu masu tsayi ne. Birni ya ba shi tsayi da lungu irin na dutse, ya kuma ƙara masa da tantabaru.

Aikinmu na farko shi ne gyaran akwatin kwanci. Shaho ba ya saƙa sheƙa. Macen takan kwanta da ƙirji ta tura tsakuwa baya da ƙafa har ta yi ɗan gurbi, a nan za ta yi ƙwai. Bara ruwan sama ya kwanta a akwatin, ƙwan suka yi sanyi, muka tashi a tutar babu. Bana tun kafin lokacin kwanci muka hau da izinin masu ginin, muka huda ƙasan akwatin, muka zuba tsakuwa mai santsi, muka goge idon kyamara.

Ta yi ƙwai huɗu, tana tsallake kamar kwana biyu tsakanin ɗaya da ɗaya. Kwanci kan ɗauki wata guda da 'yan kwanaki, kuma yawancinsa macen ce ke yi. Namijin ya fi ta ƙanƙanta sosai, domin a jinsin nan mace kan fi namiji girma da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk wanda ya kalli kyamara da asuba ya ga yadda yake fama idan ya karɓe ta: ya rufe uku, na huɗu ya leƙo ta gefe, ya jawo shi da baki, wani ya sake fitowa ta baya. Uku suka ƙyanƙyashe, farare tas kamar auduga. Uwar takan danne tantabara da ƙafa, ta yago ɗan nama ƙanƙani, ta karkata kai ta miƙa wa bakin da ya fi ɗagowa. Ƙaramin cikinsu sai manyan sun ƙoshi yake samu, amma ya rayu.

Da suka kai mako uku, wani ƙwararre mai lasisi ya sa musu zoben shaida. Kaurin ƙafa ya nuna mata biyu ne da namiji ɗaya. Ƙwan da bai fashe ba an kai shi gwaji. Wasunku sun tambayi amfanin haka. A 1967 wani masanin tsuntsaye mai suna Derek Ratcliffe ya nuna a Birtaniya cewa ɓawon ƙwan shaho ya yi siriri har yana fashewa a ƙarƙashin uwa, aka kuma gano maganin ƙwari na DDT ne sila. Amurka ta hana amfani da shi a 1972, kuma sai a 1999 aka cire shahon daga jerin halittun da ke dab da ƙarewa a can. Ta ƙwai aka gano waccan masifar, shi ya sa ba ma zubar da ko ɗaya.

Inda aikin yake da gaske shi ne makon tashi, wajen mako shida bayan ƙyanƙyasa. A dutse, ɗan shaho da ya kasa tashi yakan faɗa kan wani tudu ya sake gwadawa. A birni kwalta ce a ƙasa, ga motoci, ga gilashi. Namijin ya riga 'yan uwansa tashi, kamar yadda maza suka saba, ya sauka tsakanin motoci biyu da aka ajiye, baki buɗe, fukafukai a baje. 'Yar uwarmu da ke kan aikin tsaro a ranar ta lulluɓe shi da tawul, ta sa shi a kwali. Likitan dabbobi ya duba bai ga karaya ba, aka mayar da shi rufin bene, da yamma uwarsa ta kawo masa abinci. Ɗaya daga cikin 'ya'yan shahon mata kuwa ta bugi gilashin ginin da ke kallon akwatin, da safe aka tsinci gawarta. Ranar babu kowa a kan aiki.

A nan dole in yi ƙorafi. Masu kallon kyamara a waya suna da yawa, masu yabo ma haka, amma da aka fito da jadawalin tsaro mutum kaɗan suka rubuta suna, su ɗin dai na kullum. Ba na cewa da akwai mutum da ta tsira, amma da wataƙila an same ta da sauran numfashi.

Mun ci gaba da tattara ragowar abin farauta a gindin benen. Mafi yawa gashin tantabara ne, sai kuma na wasu tsuntsaye masu ƙaura da dare, alamar cewa suna farauta da hasken fitilun gari. Mun kuma zauna da masu kiwon tantabara. Ba mu daidaita a kan komai ba, amma an rabu lafiya, za a sake zama.

Ma'aji zai gabatar da bayanin kuɗi daban. Baɗi za mu nemi masu ginin gilashin su yarda a manna alamomin da tsuntsu ke iya gani, kuma jadawalin makon tashi zai fito da wuri. Wanda zai iya ɗaukar aikin asuba ya ba sakatare sunansa kafin a tashi daga taro.