Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Allon Bibiya Ya Nuna Mana

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobin ƙungiyarmu ta masu haɗa manhaja a Katsina.

A babban taron bara kun ɗora wa kwamiti nauyin samo hanyar sanin abin da ke gudana a API ɗinmu, wato ƙofar da manhajojin mambobi ke bi su karɓi bayanai daga sabar ƙungiya, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayananmu. Alhamdulillah, aikin ya tabbata. Mun girka manhajoji biyu: Prometheus yana tattara alƙaluma, Grafana kuma yana zana su a allo. Dukansu kyauta ne kuma sun daɗe a hannun jama'a: na farkon an fara shi a kamfanin SoundCloud a 2012, na biyun ya fito a 2014. Yanzu kowane mamba yana da makullinsa, wato lambar sirrin shiga API ɗin, kuma duk kiran da manhajarsa ta yi yana bayyana da sunan aikinsa.

Da can in abu ya tsaya, maganar ɗaya ce: "sabis ne babu." Allon ya raba mana gardama. Cikin lambobin da sabar ke mayar wa manhaja a matsayin amsa, 401 tana nufin makulli bai yi ba, 404 an nemi abin da babu, 500 kuwa laifin sabarmu ne. Wadda ta fi ba mu aiki ita ce 429, wato kira ya wuce ƙa'ida. Mun ga layin ja ya miƙe tsaye cikin dare, da muka bi sawu sai ga wata manhajar makaranta da in ba ta samu amsa ba take sake kira nan take, ba hutu, har ta toshe wa kowa hanya. Mai ita bai ma sani ba. An zauna da shi aka gyara, yanzu tana ninka lokacin jira bayan kowace faɗuwa.

Haka matsalar ranakun horo ta warware. Ɗalibai daga Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman sukan cika ɗakin taro, kafin a yi nisa GitHub, shafin da masu haɗa manhaja ke ajiye aikinsu, ya daina amsawa. Dalilin shi ne GitHub yana ba wanda bai shiga da shaida ba kira 60 kacal a awa ɗaya, kuma da adireshin intanet yake ƙirgawa, mu kuwa duk ɗakin na'ura ɗaya ke ba mu intanet. Mai shaidarsa yana samun 5,000. Tun daga nan darasin farko shi ne kowa ya ciri tasa.

Mun kuma daina dogaro da matsakaicin lokacin amsa. Matsakaici yakan yi kyau alhali wasu na can suna kallon waya tana juyi. Yanzu muna duban iyakar da kashi 95 cikin ɗari na kira ke kammalawa a ƙasanta, don a nan ake ganin masu shan wahala.

Akwai batun da ya jawo muhawara mai zafi. Wasu sun so a riƙa jera sunayen mambobi bisa yawan rubutun manhaja da kowa ya tura a wata. Kwamiti bai amince ba, kuma ina tare da wannan matsaya da zuciya ɗaya. Wanda ya kwana yana farautar kuskure guda ya goge layi biyu, allo zai nuna kamar bai yi komai ba. 'Yan uwanmu na Daura da Funtuwa da ke fama da ɗaukewar wuta ma za a zalunce su. Lafiyar aiki muke aunawa, shi ya sa aka kafa allon.

Game da sirri, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanmu. An hana rubuta lambar waya, NIN ko BVN a kundin sabar, kuma shiga allon sai da izini.

Abin da ya rage a bana: saƙon gargaɗi da zai riƙa zuwa wayar mai tsaron sati, wato mamban da ke lura da sabar a makon, idan kurakurai suka yi yawa, da batir da sola don sabar ta daina mutuwa tare da wuta. Ma'aji zai kawo ƙiyasin kuɗin a zama mai zuwa. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar, sannan mai son shiga jerin masu tsaro ya ba da sunansa.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa