Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu kiwo da sayar da kifi a Legas

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa mambobi, ga abin da aka yi bana a taƙaice.

Taron wata-wata dai an riƙa yin sa a Agege kamar kullum, an kuma tallafa wa waɗanda aka yi wa rasuwa da masu jinya. Kuɗin wata kuwa akwai waɗanda har yanzu ba su cika ba, sun san kansu.

Abin da ya fi cin lokacinmu maganar ruwa ce. Tun damina masu kandami a wajen Ikorodu ke kukan tarwada ta rage cin abinci, ba ta girma, sai ka ga ta taso sama tana haki, shi ya sa muka gayyato likitan dabbobi, kuma wallahi bayaninsa ya tada mana hankali. Ya ce dalmar tsofaffin batura da wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam da zaiba da ke fitowa daga ruwan masana'antu da bola da kayan lantarkin da ake ƙonawa ba sa ruɓewa, kwanciya suke a taɓon ƙasan ruwa, ita kuma tarwada can take kiwo. Kunnen kifin da yake numfashi da shi ne ke fara lalacewa, majina ta lulluɓe shi, daga nan gubar ta taru a hanta da ƙoda, ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa da kyau, wasu 'ya'yan su fito da karkataccen baya. Kuma banda ko tafasawa ba ta cire ta, kifin zai iya yin kyau a faranti alhali tana ciki.

Mu 'yan Arewa ba sai an gaya mana sharrin dalma ba, a 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, duk da can ƙurar haƙar zinare ce.

To an yanke cewa ba mamban da zai ƙara jan ruwan gota ko na rafin da ya ratso masana'antu irin Odo Iya Alaro ya zuba a kandami, a yi amfani da bohol. Masu banda kuma dan Allah a zubar da kayan ciki da kunnuwa, a daina bar wa yara suna soyawa.

Kai ruwan kandamanmu gwaji shi ne aikin farko na baɗi, amma sai asusu ya yi nauyi, don haka masu bashi ku ga ma'aji kafin taro na gaba.

Sakatare