Kada a jefar da tsohon alƙalami don ya daina shan tawada

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da wasu za su kira aikin marasa aikin yi, wato gyaran tsohon alƙalami mai shan tawada. Abin da ya tunzura ni shi ne, kwanan baya wani abokina ya gaya mini ya zubar da na mahaifinsa a shara, wai alƙalamin ya mutu. Ban ce masa komai ba, amma abin ya tsaya mini a rai, don na san ciwon da ke kwantar da yawancinsu, kuma maganinsa bai kai tsawon yatsa ba.

Nawa Esterbrook ne, ƙirar Amurka, samfurin J na shekarun 1950. Gadonsa na yi daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Irin mai ɗan ƙarfe a gefe ne, wanda in ka ɗaga sai ya matse wata 'yar jakar roba a ciki, in ka saki ta zuƙi tawada, dabarar da wani Ba'amurke mai ƙera alƙaluma, Walter Sheaffer, ya yi wa rajista tun 1908. Ranar da na ciro shi daga akwati na taɓa ƙarfen, sai na ji ya cije. Na girgiza, ciki na kacau-kacau kamar tsakuwa a gwangwani. Robar ce ta bushe ta farfashe. Duk wanda ya ji ƙarfen nan ya cije, don Allah ya ƙyale shi haka, in ya matsa karyewa zai yi, ƙaramin gyara ya zama babba.

A nan ne na tafka tawa wautar. Kafin a kai ga robar sai an cire wuyan alƙalamin, inda yatsu ke riƙewa, wanda cusa shi aka yi cikin gangar jikin, shekaru kuma sun sa ya kafe. Gaggawa ta sa na ɗauko filaya. Ko motsi bai yi ba, sai haƙoran filayar da suka zauna masa a jiki. Daga baya na gane ɗumi yake so, ba ƙarfi ba. Na'urar busar da gashi na ara wajen uwargida (ta yi mini kallon da ba sai na fassara ba), na riƙa hura wa mahaɗar iska mai ɗumi, daidai wanda yatsa zai jure, ina juyawa a hankali da ƙyallen roba a hannu. A karo na huɗu ya saki. Kada a kuskura a kusanta shi da wuta ko tafasasshen ruwa. Da yawa daga alƙaluman wancan zamani da seluloyid aka yi su, wani irin filastik na da can da ke lanƙwashewa da zafi, ya kuma kama da wuta nan take.

Sauran aikin haƙuri ne kawai. Na kankare guntayen tsohuwar robar, na samo sabuwa mai lamba 16. Lambar faɗin jakar take nufi, an raba inci kashi 64, don haka 16 rubu'in inci ke nan. Na yanke ta daidai tsawon ciki, na manna bakinta a jikin wuyan da shalak, wani ƙaro da ake samu daga ƙwari a Indiya, na bar ta ta kwana, sannan na shafa mata hoda don kada ta liƙe a bango.

Zan ɗan daɗe a kan shalak ɗin nan, domin nan ne masu gyaran ganin-ido ke ɓarna. Sufa-gulu suke ɗiga wa komai. Shalak yana laushi in ya ji ɗumi, saboda haka ranar da wannan robar ma ta tsufa, kuma za ta tsufa, wanda ya gaji alƙalamin zai iya buɗewa ya sauya. Wanda aka liƙe da sufa-gulu kuwa sai dai a fasa. A ganina wanda ya yi haka bai gyara ba, rufe ƙofar gyara ya yi.

Bakin rubutun bai ba ni wahala ba, don na Esterbrook kwancewa yake yi kamar noti. Na jiƙa shi a ruwan sanyi kwana biyu har tsohuwar tawada ta narke. Ban sa sifirit ba, yana cin jikin irin waɗannan alƙaluma. Da na gwada sai yana karce takarda. Na duba da gilashin ƙara girma, ashe ɗaya daga cikin harsuna biyun da ke tsinin bakin ne ya ɗan hau kan ɗan'uwansa, farce kawai na sa na daidaita su. Tawadar zane kuwa, wadda ake kira ta Indiya, kada ta shiga cikinsa, daskarewa take yi ta toshe hanyar.

Yanzu wata biyar ke nan ina rubutu da shi, ba ya yoyo, ba ya yankewa. Tabon filayar dai yana nan, daidai inda babban yatsana ke sauka.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta