Zuwa ga ɗana a Yamai, a kan maganar tafiya Fas

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da iyali, mu nan Damagaram sai godiyar Allah. Mahaifiyarka na gaishe ku, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Ƙanenka ya kawo mini maganar cewa in ka ajiye aiki baɗi, so kake ka kwashi matarka ku koma Fas ta ƙasar Maroko, ka huta da hayaniya. Na yi kwana uku ina juya zancen kafin na sa aka rubuto maka.

Ban ga laifin zaɓinka ba. Garin Shehu Ahmadu Tijjani ne, can zawiyarsa take, can aka binne shi a 1815. Ga masallacin Ƙarawiyyin da wata baiwar Allah, Fatima al-Fihri, ta assasa tun 859, har gobe ana karatu a cikinsa. Da na je ziyara, warin majemarsu ya tuna mini da dukawan garin nan, har na ji kamar ina gida.

Amma ziyarar mako biyu daban, zama daban. Cikin tsohon garin mota ba ta shiga, lunguna ne matsattsu, hawa da gangara, kaya sai a bayan jaki ko alfadari. Gidajen kuma benaye ne masu matakala a tsaye. Kai da yanzu ma kake kukan gwiwa, ka tuna shekara goma nan gaba. Sanyinsu ba irin hunturunmu ba ne da rana ke fitowa a sha hantsi. Ruwa ake yi a cikinsa, bango ya jiƙe, ƙashi ya ɗauka. Larabcin da ka koya a makarantar allo ba shi ake yi a kasuwa ba, sai dai Faransancinka ya taimake ka, ita kuwa matarka ko shi ba ta da shi. Ka tambaye ta tsakani da Allah, kada ka ɗauki shirunta a matsayin yarda.

Fanshonka da sefa za a biya ka, haya da magani kuwa da dirhami. In ka wuce wata uku sai ka nemi katin zama, kuma za su so ganin abin da kake ci da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gidanmu na unguwar Birni. An ce kana son sayar da rabonka ka sayi gida can. Wannan kam ban yarda ba. Kakanka ya haifu a cikinsa tun Zindar, wato Damagaram ɗin nan, na babban birnin Nijar, kafin Nasara su mai da mulki Yamai a 1926. Zauren nan da nake zaune, kullum bayan la'asar sai mutum biyar ko shida sun leƙo, wani da goro, wani da labarin suna ko rasuwa. Ranar da na kwana ban fito masallaci ba, kafin hantsi an cika ƙofar gida. Wa zai lura ba ka fito asuba ba a Fas?

Ka je a watan Janairu, ka kama haya wata biyu, ku gani da idonku. In ya karɓe ku, ku riƙa yin bazara can, lokacin da zafi da ƙarancin ruwa ke gasa mu a nan, ku dawo mana da kaka. Ɗakinka na ciki na sa a yi masa yaɓe kafin damina.

Ka zo da Sallah mu ƙarasa maganar baki da baki. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.