Majalisar Kanada da matan Yazidi: bayan an kaɗa ƙuri'a sai me?

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya, ya aiki. Don Allah a ɗan ba ni fili in fito da abin da ke raina, tun ranar da muka yi musu da wani abokina a teburin mai shayi maganar ta ƙi barina, shi cewa yake duk zaman da majalisun Turawa ke yi kan haƙƙin ɗan Adam na wasu ƙasashe surutu ne kawai na neman suna, ni kuma na ce masa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, har shayina ya huce ban sha ba.

Misalin da na kawo masa na Yazidawa ne, wata ƙaramar al'umma mai addininta daban a Iraƙi. A watan Agustan 2014 'yan ISIS suka afka wa Sinjar a arewacin Iraƙi, suka kashe maza, suka kwashi dubban mata da yara suna sayarwa kamar awaki a kasuwa, innalillahi. A watan Yunin 2016 aka kai maganar gaban majalisar Kanada wai a kira abin da sunansa, kisan ƙare dangi, masu rinjaye suka ƙi, sai da kwamitin bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahotonsa bayan 'yan kwanaki sannan gwamnati ta sauko. Kun ga har su ma akwai siyasa, a nan abokina ya fara murna wai ya ci gardama. To amma a watan Oktoba majalisar ta amince baki ɗaya a ba waɗanda suka tsira mafaka, Nadia Murad ma, wata Bayazidiya da ta kuɓuto daga hannun 'yan ISIS, tana zaune a wurin, kuma a 2017 gwamnati ta ce za ta kawo mutum 1,200, aka sauke su a garuruwa irin su Toronto da Winnipeg da Calgary.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Wani kwamitin majalisar ya sake zama ya kira masu kula da matan nan ya ce ku faɗa mana ya suke, kuma abin da aka ji ba daɗi. Yawancinsu Kurmanci suke ji, wani yaren Kurdawa, masu fassara sun yi kaɗan, wata sai a haɗa ta da mai fassarar Larabci alhali yaren waɗanda suka yi mata fyaɗe ke nan, ku duba wannan fa, an kawo ki inda ba harbi amma a gaban likita kin kasa buɗe baki. Ga wata an kawo ta ɗanta na can ba ta san ko yana raye ba, in an gano shi daga baya kuma takardun kawo shi su zama wani sabon tashin hankali. Wallahi ko da aka ba ta gida da bargo ina ta ga barci.

Ban ce Kanada waliyiya ce ba, 1,200 me zai yi cikin dubu ɗaruruwa da suka rasa matsuguni, har yau da yawa na cikin tantuna a wajen Duhok a arewacin Iraƙi. Kuma ita wannan majalisar a 2018 ta ce kisan ƙare dangi aka yi wa Musulmin Rohingya na Myanmar har ta ƙwace takardar zama ɗan ƙasa ta girmamawa da ta ba Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin Myanmar a lokacin, amma mutanen na nan a Bangladesh jibge a Cox's Bazar.

Roƙona Malam Edita, ga irin wannan nan kusa da mu, 'yan ƙabilar Masalit da suka gudo daga El Geneina a yankin Darfur na Sudan a 2023 suka cika Adre a Chadi, ku tura wakilinku ya jiyo mana daga bakin matan, da mai fassara da ke jin yarensu.

Naku,
Mai karanta ku kullum daga Zariya