Likita, son jiki ne ke damuna ko maƙoƙo ne ke tafe?

Assalamu alaikum, Likita. Ina gaishe ka tare da abokan aikinka na wannan shiri, Allah Ya saka muku da alheri. Don Allah a sakaya sunana idan za a karanta wasiƙar nan, domin a gidanmu kowa na sauraronku, har surukata.

Ni matar aure ce a Pantami, cikin garin Gombe. Shekarata 34, 'ya'yana uku, sana'ata ɗinki. Tun da na haifi autana bara jikina bai dawo daidai ba. Da farko an ce jego ne. Aka yi arba'in, yaro ya yi rarrafe, yanzu har yana dafa bango yana tashi, ni kuwa kullum jiya i yau. Sai in kwana ina barci, in wayi gari kamar wadda ta yini tana sussuka. Idan na hau keke na ɗan taka, cinyoyina su yi nauyi, gyangyaɗi ya riƙa ɗibata da almakashi a hannu. Ɗinkin ƙaramar sallah sai da na mayar wa wasu atamfofinsu ko yankawa ban yi ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne sanyin da nake ji. Kowa ya san zafin Gombe a Maris da Afrilu, lokacin da ake fitowa tsakar gida a kwana kan tabarma. To ni a lokacin nake neman rigar sanyi, in an kunna fanka sai na ja bargo. Ga ƙiba ba tare da wani cin kirki ba, zoben hannuna ma sai da sabulu ya fita. Fuskata kan kumbura da safe, fatata ta yi furu-furu ko man kaɗanya ba ya riƙe ta. Mai kitsona ta tara gashin da ya biyo mataji a tafin hannunta, ta nuna min, ta ce, "Maman Abba, wannan ya wuce na shayarwa." Bayan gida sai in yi kwanaki, al'ada ta dawo da yawa, muryata ta dushe. Sai in auna mace, kafin in kai ga littafi na manta awon.

Duk zuwan da na yi wani ƙaramin asibiti kusa da mu, gwajin maleriya da taifot ake yi min, a haɗa ni da allura da maganin ƙarin jini. Surukata ta ce son jiki ne irin na matan yanzu. Yayar maigidana ta ce sammu ne, aka kawo rubutu da hayaƙi. Na sha, ban raina addu'a ba. Shi maigidan yana bakin ƙoƙarinsa, amma na lura ya fara gajiya da kashe kuɗi kan ciwon da ba a san sunansa ba.

Wata ma'aikaciyar jinya da nake yi wa ɗinki ce ta fara sa ni a hanya. Ta ba ni ruwa ta ce in haɗiya tana kallon wuyana, ta lallatsa, ta ce kamar akwai ɗan tudu. Ta yi min bayanin wata 'yar halitta a gaban maƙogwaro, tayirod, mai fitar da sinadarin da ke daidaita saurin aikin jiki. Idan ta yi rauni komai sai ya yi nawa, daga bugun zuciya har hanji. Ta ce ya fi kama mata, yakan bi dangi, kuma yana taso wa wasu cikin shekarar farko bayan haihuwa, na wasu ya warware da kansa, na wasu ya zauna. Nan gabana ya faɗi, domin goggona ta Kumo da maƙoƙo ta rayu har ta rasu, kullum mayafi a naɗe a wuya. Ta rubuta min gwajin jini guda biyu na tayirod a takarda, TSH da T4, ta ce idan na farkon ya hau na biyun ya sauka, to an gano bakin zaren.

Likita, a nan nake neman haskenka. Waɗannan gwaje-gwajen sun isa, ko sai an yi hoton wuya ma? Zan iya zuwa kai tsaye Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko sai wani likita ya tura ni da takarda? Ko in je ɗakin gwaji na kuɗi in yi, sannan in kai sakamakon?

Akwai kuma maganar magani. Wani mai kemis da na nuna wa takardar ya ɗauko min wani kwali, levothyroxine aka rubuta a jiki, ya ce in fara sha kawai, kuɗin gwajin ya huta. Na bar masa abinsa, don ita ma'aikaciyar ta gargaɗe ni cewa da gwajin jini ake auna adadin da mutum zai sha, in ya yi yawa yana sa bugun zuciya da rawar hannu. Amma in an tabbatar ina da ciwon, da gaske ne shan maganin har ƙarshen rayuwa ne? Ina shayarwa, ba zai taɓa yaron ba? Na ji da safe ake shan sa kafin a ci komai, kuma ba a haɗa shi lokaci guda da maganin ƙarin jini. To yaya zan yi da azumin Ramadan? Muna kuma son ƙarin haihuwa, in jira ne har jinin ya daidaita? Na ji rashin sinadarin aidin a abinci na kawo maƙoƙo, amma gishirinmu na leda ne mai aidin, shi ya sa na kasa gane ta inda abin ya biyo.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda zan buɗe baki a gaban likita. Wasu ba sa son majiyyaci ya ambaci sunan gwaji, sai su ce ka zo koya musu aiki. Ka koya min yadda zan faɗa cikin ladabi, kada a sake sallamata da maganin maleriya. In da hali kuma, ka ɗan yi bayanin ciwon a shirin dalla-dalla, surukata ba ta musu da abin da ta ji daga bakinka.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Mai sauraronka,
daga Pantami, Gombe